Wata Takwas a Bencin Baya: Yadda Na Shiga Horon Ikilisiya da Yadda Na Fito

Tun da aka maido ni cikin zumunci, mutum uku suka same ni a keɓe, kowa da tasa damuwar, amma in ka tattara tambayoyinsu duk ɗaya ce: in dattawa suka sa mutum a horo, me ke biyo baya, kuma ta wace ƙofa ake fita? Ni ma da na shiga ba wanda ya zaunar da ni ya faɗa mini. Kowa na jin sanarwar horo ranar Lahadi, kowa na jin ta maidowa, amma abin da ke tsakaninsu sai wanda ya taka. Ba zan ambaci ikilisiyarmu ko garinmu ba, iyaka dai muna yankin Saminaka ne, ƙasar masara. Kuma mai karatu ya sani kowace ɗarika da nata tsarin. Na ECWA daban, na COCIN daban, haka EYN da HEKAN da Baftis. Abin da ya faru da ni nake ba da labari.

Ni malamin firamare ne, ina kuma noma, kamar kusan kowa a wajenmu. Shekara huɗu ina ma'ajin zumuntar maza. A daminar 2023, bayan an cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu, komai ya tashi sama, albashi kuma ya makara. Masarata ta kai gwiwa ta fara yin rawaya, ga kuɗin zumunta a cikin gwangwani a ƙarƙashin gadona, waɗanda muke tarawa don sayen kujeru. Na ɗebi naira dubu 85 na sayo buhu uku na taki, kamfa biyu da yuriya ɗaya. Ban gaya wa shugaban zumunta ba, ban rubuta a littafi ba, ko maiɗakina ban gaya wa ba. Na ce wa raina aro ne, kaka na yi zan mayar, ba wanda zai ji ba wanda zai gani. Wannan kalma ta "aro" ita ta riƙe ni fiye da wata goma, za ku ga yadda aka yi.

A watan Agusta shugaban zumunta ya ce a kawo lissafi domin kafinta ya ba da farashi mai sauƙi. Na yi ta kewaye-kewaye har mako biyu. Sai ya zo gidana shi kaɗai da yamma, ya tambaye ni a hankali. Na ce kuɗi na nan. Bayan mako guda ya dawo da wani dattijo, tsoho mai kimanin shekara saba'in, manomi, wanda ko sunansa da ƙyar yake rubutawa. A lokacin ban gane ba, amma suna bin Matiyu 18:15-17 ne taki ɗaya bayan ɗaya: ka same shi kai kaɗai, in bai ji ba ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi sai a kai wa ikilisiya. Da na buɗe baki a ranar na faɗi gaskiya, na tabbata da maganar ta mutu a zaurena. Amma tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta. Da tsohon ya ce, "Malam, in akwai abin da ya faru ka faɗa mana, mu ma mun san yadda daminar nan take," sai na miƙe tsaye na ce masa ya fara koyon ƙirga ɗari kafin ya zo bincikar littafina. Bai ce uffan ba. Ya ɗauki hularsa da sandarsa suka fita.

Takardar kira ta zo a makon farko na Satumba, magatakardan ikilisiya ya kawo da hannunsa, layi huɗu ne kawai: in bayyana gaban kwamitin dattawa ranar Asabar ƙarfe huɗu, in zo da littafin kuɗi da duk rasit ɗin da ke hannuna. Na isa huɗu saura kwata. Aka ce in jira a waje. Na zauna a kan wani bulo a gindin darbejiyar da ke bayan ofishin Fasto, mata masu sharar majami'a suna wucewa suna gaishe ni, kowace ta gaishe ni sai ta ɗan kalli littafin da ke hannuna. Akwai maganganu biyu a gabana, ɗaya ta aure, ɗaya ta iyakar gona. Har duhu ya yi, sauro ya fara, sai magatakarda ya leƙo ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, sai Asabar mai zuwa." Na koma gida ina huci, ina cewa da gangan suka yi don su wulaƙanta ni. Daga baya na gane haka zaman dattawa yake, ba sa yanke magana su koma wata, kuma ba su da agogo. Duk wanda aka kira ya tafi da shirin zama, ya ci abinci tukuna.

A zama na biyu aka shigar da ni. Mutum tara ne da Fasto. Aka yi addu'a, magatakarda ya karanta ƙarar, aka ba ni dama in yi magana. Na yi kusan minti ashirin ina bayanin farashin taki da jinkirin albashi da shekaru huɗun da na yi ba a taɓa rasa ko kwabo ba. Fasto ya bar ni na gama, sa'an nan ya yi mini tambaya ɗaya: "Ɗan'uwa, wa ka tambaya kafin ka ɗauka?" Na ce ba kowa. Aka ce in fita. Bayan kusan sa'a guda aka kira ni aka karanta mini hukunci: horo na wata shida, in sauka daga ma'aji in miƙa littafi a take, in biya kuɗin kafin ƙarshen shekara, ba cin Jibin Ubangiji (gurasa da ƙoƙon da masu bi ke ɗauka tare don tunawa da mutuwar Almasihu), ba bi da sujada ko addu'a, ba koyarwa a makarantar Lahadi, ba jefa ƙuri'a a taron ikilisiya. Zan ci gaba da zuwa kowace sujada, in zauna a bencin baya, in kuma riƙa ganin Fasto kowace Alhamis ta biyu. Aka karɓi katin jibina. Aka miƙo mini littafin zama na sa hannu. Ba a ci ni tara ba, ba a nemi ko sisi ba ban da abin da na ɗauka. Ina faɗin wannan domin akwai masu yaɗa cewa ana biyan kuɗin horo ko kuɗin maidowa. A wajenmu babu.

An yi sanarwa ranar Lahadi 1 ga Oktoba, ranar bikin 'yancin kai, majami'a cike har da baƙin da suka zo hutu daga Kaduna da Jos. Bayan an tara baiko, wato kuɗin da ake bayarwa a sujada, magatakarda ya kira sunana, aka ce in miƙe. Bai faɗi adadin kuɗi ba, ya ce dai "saboda rashin aminci a kan dukiyar ikilisiya." Fasto ya gargaɗi jama'a kada wanda ya mai da maganar abin hira, ya yi addu'a, sai mai tsaron ƙofa ya zo ya tsaya kusa da ni. Daga layi na biyu inda na saba zama zuwa bencin baya bai fi taku talatin ba. Ban taɓa yin tafiya mai nisanta ba. Abin da nake tunawa shi ne takalmana suna ƙara a kan siminti, da kuma maiɗakina a cikin 'yan zumuntar mata, sanye da zanen ƙungiya, ta sunkuyar da kai tana murɗa bakin ɗankwalinta.

A makon nan shawarwari suka yi ta zuwa. Surukina ya ce in tattara iyalina in koma wata majami'a, ai Allah ɗaya ne. Na yi ta juya maganar a raina. Abin da ya tsayar da ni da fari ba tsoron Allah ba ne, lissafi ne: duk ikilisiyar da ta san abin da take yi za ta nemi takardar sallama daga inda ka fito, ba a kuwa ba mai horo wannan takarda, in ma an ba shi to da horon a rubuce a ciki. Wadda za ta karɓe ka ba tambaya, ka san irin wurin da ka shiga. Maiɗakina kuma ta ce mini a fili, "Baban yara, in za ka tafi ka tafi kai kaɗai. A nan aka ɗaura mana aure." Shi ke nan na zauna.

Masara ta yi kyau a shekarar, abin haushi. Tsakiyar Nuwamba na kai buhuna kasuwa na sayar, washegari na kai wa sabon ma'aji dubu 85 cif a gaban magatakarda da shugaban zumunta. Na nemi rasit, aka rubuta aka buga hatimi, na kuma yi hoton takardar na ajiye. Wannan kam na yi daidai, kowa ya yi haka, kada ka miƙa wa mutum ɗaya kuɗi a kan hanya. Inda na yi wauta shi ne da na ɗauki rasit ɗin na nufi gidan Fasto ina tafe ina jin kamar wanda ya biya bashin banki. Na ce, "Baba Fasto, na biya. Ina ganin sai a duba maganar sauran watannin." Ya karɓi takardar ya duba, ya miƙo mini, ya ce, "Kuɗin zumunta sun dawo, mun gode Allah. Kai ne ba ka dawo ba tukuna." Sa'an nan ya tambaye ni ko na je gidan dattijon nan. Na ce wanne? Wallahi na mance da shi ɗungum. A lissafina laifina kuɗi ne, na kuwa biya.

Zaman Alhamis ɗin nan da fari ina zuwa ne kamar mai sa hannu a rajistar makaranta. Fasto yakan ba ni nassi in karanta a gida in dawo mu tattauna: Zabura 51, Ibraniyawa 12, Filibiyawa 2, labarin Bafarisiye da mai karɓar haraji a Luka 18. Ni da na shekara goma ina koyar da waɗannan a makarantar Lahadi, amsoshi a bakina suke. Ya gane haka, sai ya daina tambayata ma'anar aya. Wata rana da na yi ƙorafin cewa mutum mai matsayi irina bai kamata a tsayar da shi gaban yaran da yake koyarwa ba, ya yi dariya ya ba ni wani labari da ya karanta a makarantar tauhidi a Bukuru. A shekara ta 390 sarkin daular Rum, Tiyodosiyus, ya sa sojoji sun karkashe jama'a masu yawa a birnin Tasalonika. Bishop Ambros na Milan ya rubuta masa cewa ba zai ba shi jibi ba sai ya tuba. Sarkin da ke da rundunoni ya tuɓe kayan sarauta ya shiga majami'a a matsayin mai tuba, sai da ya yi haka aka karɓe shi. Fasto ya ce, "To Malam, kai makaranta nawa kake mulki?" Na yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Daga nan ya gaya mini hukuncin da ya fi mini bencin baya zafi. Kwamiti yakan ba kowane mai horo dattijo ɗaya da zai riƙa bibiyarsa, ya kawo rahoto. Nawa shi ne tsohon da na zaga. Kuma shi da kansa ya roƙa a ba shi ni. Sai da na yi mako biyu ina ɗagawa kafin na je. Na same shi a bakin rumbu yana sussukar dawa da jikokinsa. Na shirya jawabi tun daga gida, mai "idan na ɓata maka rai" a ciki. Da ya ɗago ya gan ni sai ya kori yaran, ya jawo mini kujerar tsuguno ya share ta da hannun rigarsa, shi ya zauna a ƙasa. Jawabin ya gudu. Na ce, "Baba, na zage ka, ka gafarta mini." Ya ce, "Tun a ƙofar gidanka na yafe, Malam. Ai gaskiya ka faɗa, ban iya lissafi ba." Ya shiga ɗaki ya fito da Littafi Mai Tsarki na mahaifinsa, tsohon juyi wanda aka fara bugawa a 1932, bango ya mutu an ɗinke shi da fata. Ya ce idonsa ya yi rauni, in riƙa zuwa ranar Talata ina karanta masa. Har yau ban san ko don kansa ya nema ko don ni ba. Na yi ta zuwa dai, ina karatu yana gyara mini inda na yi sauri, domin sassa da yawa ya haddace su tun ban zo duniya ba.

Ranar da ta fi kowace nauyi ita ce ta jibin Kirsimeti. Fastonmu ba a naɗa shi Rabaran ba tukuna, saboda haka sai Rabaran ya zo daga gunduma ake cin jibi, wajen sau ɗaya a wata biyu. Bayan sujada akan sallami yara da waɗanda ba su yi baftisma ba da masu horo. Babban ɗana ya yi baftisma a farkon watan, wannan ne jibinsa na farko. Na tashi na bi sahun yara muka fita, shi yana zaune a ciki da farar riga. Ƙaramar 'yata ta kama hannuna a bakin ƙofa ta ce, "Baba, kai ma ba ka girma ba ne?" A gindin darbejiyar nan na zauna, ina jin waƙa ta taga. A nan na fara yarda cewa tun Oktoba ina bin duk abin da aka ce ne kamar fursuna mai ƙirga kwanaki. Ban taɓa fashin sujada ba, ban taɓa zama a wani benci ba, amma a zuciyata ina riƙe da cewa an zalunce ni, kuma ina so a ga irin haƙurina. Ashe mutum na iya yin fahariya har da bencin baya.

Yanzu ga inda na ɓata wata biyu a banza, wanda shi ne babban dalilin wannan rubutu. Ista ta 2024 ta faɗo ranar 31 ga Maris, daidai cikar wata shida. Na ɗauka da kansu za su kira sunana. Na sa sababbin kaya, har na gaya wa maiɗakina ta dafa shinkafa da yawa. Aka yi sanarwa aka gama, shiru. Lahadi ta biyo, shiru. Girman kai bai bar ni in tambaya ba, na ce ai su suka sa ni, su za su cire ni. Sai a tsakiyar Afrilu, muna karatun Talata, Baba ya ce, "Malam, ina takardarka? Kwamiti na jira." Ashe wata shida ba ranar fita ba ce, ranar da mutum zai iya neman a duba maganarsa ce. Dole kai da hannunka ka rubuta wa kwamitin dattawa ta hannun magatakarda kana roƙon a maido ka. An faɗa mini a ranar hukunci ko ba a faɗa ba, ban iya rantsewa ba, kunnuwana ba sa ji a ranar. Amma a ganina ya kamata a riƙa ba mai horo wannan a rubuce, na kuma faɗa wa kwamiti haka daga baya.

Takardata ta farko shafi biyu ce, da Hausa mai kyau da ayoyi biyar. Bayan kwana uku Fasto ya kira ni ya ajiye ta a gabana, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin kalmomi uku: "aro", "kuskure", "matsin rayuwa". Ya ce zai iya kai ta haka in ina so, amma shi bai ga wanda ke neman gafara a cikinta ba, lauya ya gani. Na kwana biyu ina fushi. Ta biyun layi bakwai ce. Na rubuta cewa na ɗauki kuɗin da ba nawa ba a ɓoye, na yi ƙarya da aka tambaye ni, na zagi dattijo, na biya ranar kaza ga hoton rasit a haɗe, ina roƙon Allah da ikilisiya su gafarta mini. Kalmar "sata" sai da na ajiye biro na zaga bayan gida na dawo kafin na rubuta ta. Zaman ƙarshen Afrilu bai yiwu ba, an yi rasuwa a wani ƙauye dattawa duk sun tafi jana'iza. A na Mayu aka kira ni, wannan karon minti goma sha biyar kawai. Baba ya ba da rahotonsa ina waje, ban san abin da ya ce ba. Aka tambaye ni ko akwai wanda nake riƙe da shi a zuciya a cikin kwamitin. Na ce da akwai, na faɗi sunansa yana zaune, muka yi musafaha.

Saura mataki ɗaya da ban san da shi ba. Tun da na riƙe muƙami, kuma Rabaran ne ke maidowa, sai an kai masa rubutaccen bayanin zaman ya sa hannu. Magatakarda ba shi da lafiya, aka ba ni ambulan a rufe in kai da kaina. Na je ban same shi ba, ya tafi taro. Na koma bayan kwana huɗu. Zuwa biyun nan sun ci mini wajen dubu shida na acaɓa, da ɗari biyu na hoton takardu, su ne duk abin da na kashe ban da biyan kuɗin. Da na nemi lambar ofishin na kira tukuna, da na huta rabi. Ranar Lahadi 2 ga Yuni aka kira ni gaba. Rabaran ya karanta 2 Korintiyawa 2:6-8, inda Bulus ya ce horon da aka yi wa mutumin ya isa, a gafarta masa a ƙarfafa shi don kada baƙin ciki ya sha kansa. Ya tambayi jama'a ko sun karɓe ni, suka amsa. Dattawa suka miƙo mini hannu ɗaya bayan ɗaya, aka mayar mini da katina, wata tsohuwa a cikin zumuntar mata ta rangaɗa guɗa. Na ci jibi a ranar kusa da ɗana.

Ga wanda ke kan wannan hanya, abin da zan ce kaɗan ne. In mutum ɗaya ko biyu suka zo gidanka, wannan ce ƙofa mafi faɗi, kowace ta gaba ta fi ta ƙunci. A ranar hukunci ka tafi da wani naka da zai saurara maka, ka kuma tambayi abu uku kafin ka sa hannu: me aka hana ni, wane dattijo ne zai bi ni, me zan yi in lokacin ya cika. Ka ajiye kowace takarda. Kada ka yi fashin sujada, domin ana rubutawa. Ka shirya iyalinka tun kafin ranar sanarwa, ni ban yi ba, yarana a bakin magatakarda suka fara ji, wannan kuwa har yanzu yana ci mini rai. Ba kuma cewa nake dattawa ba sa kuskure ba. Na san inda aka yi wa talaka horo aka kau da kai ga mai hannu da shuni, na san inda aka tsayar da yarinya mai ciki aka bar namijin yana buga ganga a ƙungiyar mawaƙa. Wanda ya ga an zalunce shi yana da hanyar kai kuka gunduma a rubuce, ba rashin biyayya ba ne. Ni dai nawa ba zalunci ba ne, na daɗe ina so ya zama haka ne kawai.

Ba a mayar mini da ma'aji ba, an ce sai bayan shekara guda zan iya riƙe wani muƙami, kuɗin zumunta kuma yanzu a banki suke da sa hannun mutum uku. Mako biyu bayan maidowa masara ta sake kaiwa gwiwa, aljihu kuma kamar na bara. A taron zumuntar maza na ɗaga hannu, na miƙe a gaban mutum arba'in na ce ina neman rancen kuɗin taki buhu uku. Aka yi shiru na ɗan lokaci, wani ya yi tari. Aka tattauna ina zaune, aka ce buhu ɗaya za a iya, Baba ya tsaya mini, ya dangwala babban yatsansa a ƙarƙashin sa hannuna. Na zuba wa rabin gonar da ke kusa da rafi, ɗaya rabin na nome masarar da ta ƙi na shuka waken soya.